Lagwanin Kawu

Jiya na tarar da na'ana'ar Kawu ta yi yaushi, alhali bidon da take ciki, wato jarkar roba, cike yake da ruwa. Shekara uku ke nan da rasuwarsa, kuma ita kaɗai ya bar mini.

Shi ya raba bidon gida biyu, ruwa a gindi, shuka a sama, ya yagi rawaninsa ya yi lagwanin da ke jawo mata ruwan. A Tanout ba a wasa da ruwa. Na ce, "Kawu, da me za ka je Juma'a?" Ya ce, "Wawa, kaina ya daina tsiro, ita kuwa tana yi." Kullum da safe sai ya ƙwanƙwasa bidon sau biyu ya kasa kunne, ya ji ko ruwan ya yi ƙasa.

Da na zaro lagwanin, sai ya marmashe a hannuna. Ni da ko allo ban yi nisa ba, wannan dai na koya: na yagi nawa rawanin na sa. Na ƙwanƙwasa sau biyu. Matata ta leƙo daga madafa ta ce, "Kawu?" Sai ta kama baki.

Yau ganyen ya miƙe, ƙamshinsa har zaure. Allah ya shayar da Kawu haka, ba sai ya roƙa ba.