Yaya Murtala, wanda ya koya mini neman amsa a intanet

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan aka kira ni, wai 'yan bindiga sun buɗe wa motar su Yaya Murtala wuta a hanyar Ƙaura zuwa Zurmi. Bai tsira ba.



Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ya koya mini haɗa shafin intanet, tun ina ɗalibi a nan Ƙaura. Ba ɗan'uwana ba ne, amma Yaya nake ce masa.

Duk lokacin da kod ɗina ya ƙi tashi na kai masa kuka, ba ya gyara mini. Sai ya ce, “Bashir, mi kwamfutar ta ce maka? Kwafi saƙon yadda yake, cire sunan fayil ɗinka, sa shi cikin alamar zance, ka nema. Wani ya riga ka shiga matsalar ga.”

Idan datata ta ƙare, tasa yake kunna mini.

Akwai shafin da na yi wa wasu 'yan kasuwar hatsi na Shinkafi. In ka rubuta Ɗan Isa da d marar lanƙwasa, akwatin binciken sai ya ce babu. Na rasa gane dalili. Ya zauna da ni har muka sa shi ya ɗauki harafin ko da lanƙwasa ko babu. Ya ce, “Mutanenmu da ƙaramar waya suka rubutu, kada ka wahalshe su.”

Ranar Juma'a muka rabu a ƙofar masallaci. Ya ce zai je Zurmi duba Innarsa, jikinta ya matsa. Na ce, “Yaya, hanyar nan fa ba daɗi.” Ya ce, “Ni ma tsoro nika ji. To in bar ta?”

Ɗazu na ƙi yarda da labarin. Na rubuta sunan hanyar a intanet, na tace sakamakon zuwa na yau kaɗai, ina fatan kada in ga komai. Sai ga hoton motar.

Abin da ya fi ɗaga mini hankali, ba a ga wayarsa ba, kuma lambarsa tana nuna onlayin. Wani ne ke riƙe da ita, yana ganin sunayenmu da hotunanmu. Don Allah duk wanda saƙo ya zo masa daga lambar, kada ya amsa.

A Zurmi za a yi jana'iza bayan azahar. Na sa takalmi, na kai bakin tasha, na kasa shiga mota. Na dawo gida.

Ya Allah ka gafarta wa Murtala, ka karɓi shahadarsa, ka ba Inna da iyalinsa haƙuri. Ka tsare waɗanda suka yi ƙarfin halin bin hanyar nan yau don su raka shi.

Duk wanda ya karanta, ya yi masa addu'a. Mu ma ku sa mu ciki, wallahi a tsorace muke.