Haruna da Baitinsa na Uku

Ina tsaye a layin burodi a Giza, gefen Alkahira, da safiyar Talata sai wayata ta yi ƙara. Sa'adiya ce, 'yar abokina Haruna. Ba ta ja gaisuwa ba. Ta ce, "Baba Idrisu, abokinka ya cika bayan sallar asuba." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na fita daga layin, na zauna a bakin wani shago, na rasa wanda zan kira. Mu huɗu muka kafa ƙungiyar kiɗa a Khartoum muna samari. Biyu sun daɗe da rasuwa. Yanzu saura ni.

Mu jikokin mahajjata ne da suka baro ƙasar Hausa a ƙafa za su Makka, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Lokacin da kiɗan rok ya shigo mana ta rediyo da faifai, Haruna ya samo tsohuwar jita mai lantarki, ni kuma ina buga ganguna. Waƙa ɗaya ce ta fitar da mu, mun sa mata suna "Ba Mu Ƙarasa Ba". Baiti biyu da Larabci, na uku da Hausa. Na ukun daga bakin mahaifiyarsa ya ɗauko, abin da take rerawa a kan dutsen niƙa: "Mun fito da guzurin wata uku, ga jikoki sun yi furfura." Ranar ɗaukar waƙar, mai na'ura ya ce a cire shi, ba wanda zai gane. Haruna bai yi musu ba, ya saɓa jitarsa ya nufi ƙofa. Sai da aka biyo shi aka ce an bar baitin.

Daga nan waƙar ta kama hanyarta. Wata zabiya ta sassauta mata gudu, ta kai ta gidajen biki. Wasu Habashawa suka sake ta da ƙahonin busa. Daga baya samarin Masar suka mayar mata da jita, da ƙarar da ta fi tamu. Kowannensu ya yar da baitin Hausa, kuma babu wanda ya ambaci sunan Haruna. Ni abin ya ci min rai, na matsa mu kai ƙara. Ya ce, "Ya zol, mutumina, wanda ya dasa itace a bakin hanya ba ya zaɓen mai shan inuwa." Na gaya masa magana mai zafi, na ce tsoro ne ba haƙuri ba. Muka yi shekaru ba ma ga maciji.

Da yaƙi ya koro mu Alkahira, shi ya neme ni, ba ni na neme shi ba. Yana fama da ciwon gwiwa, amma ya taso tun daga Hay el-Sabi', ya hau mota ya sauka ya hau jirgin ƙasa, ya ƙwanƙwasa min ƙofa. Da na buɗe, abin da ya ce kawai shi ne, "Za ka dafa shayi ko in koma?"

Jitar tana can a gidan da ya baro a Khartoum. A hawa na biyar yake zaune da Sa'adiya, ita kuwa aiki take yi a Ma'adi, ba ta dawowa sai magariba. Wuni yake yi shi kaɗai a bakin taga. Lokacin jarrabawa yakan sauka da butar shayi wurin ɗaliban Najeriya da ke ƙasansa, ya zauna gefe yana sauraro. Ya ce min Hausar da suke yi yake zuwa sha. Bai taɓa gaya musu ya yi kiɗa ba.

Wata rana muna cikin ƙaramar bas, direba ya saka waƙar, irin ta samarin Masar. Wani fasinja ya ce ai tsohuwar waƙar ƙasarsu ce. Na buɗe baki zan yi magana, Haruna ya dafa min gwiwa. Da aka zo gurbin baiti na uku, inda suka cike da kukan jita, sai ya juya ga taga ya rera shi ƙasa-ƙasa. Ba wanda ya waiwayo. Da muka sauka ya ce, "Yaron nan mai jita ya fi ni hannu. Kuma ka ji, sun bar min wurina."

Zuwana na ƙarshe yana kwance. Na ce, "Haruna, ka yafe min maganar nan da shekarun da na ɓata mana." Ya ce, "Khalas, ya wuce. Tun ranar na yafe, kai ne ba ka zo karɓa ba."

Sahu ɗaya da 'yan kai ne suka sallace shi, yawancinsu ɗaliban nan. Na dawo Giza ni kaɗai.

Ya Allah, baƙonka ne ya rasu a ƙasar da ba tasa ba. Ka gafarta masa, Ka yafe masa kamar yadda ya riƙa yafe wa mutane, Ka yalwata kabarinsa, Ka sada shi da mahaifiyarsa a Aljanna. Ka ba Sa'adiya haƙuri, Ka zame mata gata. Mu da muka rage, Ka sa mu cika da imani. Amin.