Taƙin Baba

Tsohuwar jif ɗin Baba ta shekara biyu a kan bulo a ƙofar gidanmu a Kusfa, awaki na shan inuwa a ƙarƙashinta. Da ita ya yi aikin malamin gona ƙauye-ƙauye har ya ajiye aiki, da ita kuma yake zuwa gonarsa ta hayin rafi, inda ƙaramar mota ba ta isa ta taka ba. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ya ɗauke masa hannun dama da rabin magana, sai aka jingine ta.

A ƙarshen daminar wata shekara na shiga gaishe shi da safe, na ce masa masara ta yi kyau, saura mako biyu a girbe ta. Ya daɗe yana kallona, sannan da ƙyar ya ce, "Gona."

Na ce, "To Baba, sai in nemo motar da za ta kai mu."

Ya girgiza kai, ya nuna ƙofar gida da haɓa. "Tawa."

Jikinsa kullum ƙara yin ƙasa yake, kowa a gidan ya sani, ba mai faɗa ne kawai. Na san in bai ga wannan masarar ba, da wuya ya ga ta baɗi.

Na ɗauko tsohon bakanikensa, wani dattijo mai tsokanar tsiya wanda har yau ɗan Malam yake ce mini, alhali ina da 'ya'ya uku. Kwana biyu ya yi, inji ya tashi. Da ya zo ƙafafun gaba sai ya miƙe tsaye ya ce, "Ina faya-fayan birkin da na cire na ajiye a zaure? Sun tsage, amma da su za a je a gwada sababbi."

Aka shiga nema. Ashe Inna ta gaji da tuntuɓe da su, ta ba masu sayen gwangwani, suka ba ta robar wanki biyu. Wallahi sai da na ji kamar in yi ihu, amma wa zan yi wa? Inna?

Na ce ai da sauƙi, a duba takardun mota a ga shekararta. Bakanike ya yi dariya. Ya ce takardu na wata mota ne, ƙafar gaba ta wata ce, tun da daɗewa Baba ya sauya ta da ta wata jif da ta fi ƙarfi. Faifan birki kuwa, wanda kanikawa ke ce wa dis, in faɗinsa ya gaza ko ramukan kusoshinsa suka saɓa, to ba ka da birki, kana gangara rafin nan sai dai a tsamo ka.

Nan fa girman kai ya motsa. Na ce ya kwantar da hankalinsa, ni na haddace awon. Sau nawa na ji Baba yana faɗa wa masu kayan mota? Taƙi ɗaya da yatsa uku, rami shida, mai ƙofofin iska a tsakiya. Kamar karatu yake bakina.

Na fita Sabon Gari, na shiga shago, aka zube mini faya-fayai iri-iri a ƙasa. Na tsuguna ina ware yatsu, babban yatsa a wannan baki, na tsakiya ya miƙe iyakarsa, in ƙara yatsa uku. Mai shagon na tsaye yana kallona kamar mai kallon sabon mahaukaci. Oho dai. Na sami wanda ya yi daidai cif, rami shida, ga ƙofofin iska. Na ɗauko biyu ina jin kaina.

Bakanike ya zura ɗaya a ƙafa. Kusoshi suka shiga lafiya lau. Amma takalmin birki gefen faifan kawai ya lasa, sauran duk iska yake kamawa. Ya dube shi, ya dube ni.

"Ɗan Malam, da hannun wa ka auna?"

Na ce, "Da nawa mana. Da na wa zan auna?"

Ya kamo hannuna ya juya shi kamar mai tayin kaza. "Wannan hannun na riƙe biro? Haba! Ubanka in ya dafa sitiyarin nan rufe shi yake yi. Taƙinsa ya faɗa maka, ba naka ba."

Kunya ta rufe ni. Shekara da shekaru ina riƙe da maganar, ban taɓa tunanin hannun da ya zo da ita ba.

Washegari da hantsi na karɓi zaren ɗinki a wurin Inna, na shiga ɗakin Baba. Na yi masa bayani ina sunkuyar da kai. Kafaɗarsa ta motsa, na gane dariya yake yi. Na kai hannu zan kama na hagunsa mai lafiya, sai ya janye shi. Ya nuna na dama, wanda ke dunƙule a cinyarsa. "Wannan."

Rabon da in riƙe hannun Baba tun ina ƙarami. Mu a gidanmu ba a haka, durƙusawa ake yi a gaishe shi daga nesa. Na ɗora hannun a gwiwata, na shiga buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Sun yi sanyi, sun rame, ina sakin ɗaya yana komawa. Na san da zafi, don na ga ya runtse ido. Da na samu suka miƙe, na ja zaren daga babban yatsa zuwa na tsakiya, na ƙara faɗin yatsunsa uku, na ƙulla. Ban bari ya ga idona ba.

Mai shagon ya sauya mini, bayan ya gama dariyarsa. Zaren ya zauna a kan wani faifai daga baki zuwa baki, ko ɗigo bai rage ba. Bakanike ya ɗaura, takalmi ya kama faifai ram.

Ranar Asabar muka tallabi Baba muka sa shi a gaba, muka fita ta ƙofar gari. Da muka iso gangaren rafi na taka birki a hankali. Mota ta tsaya cak, ba rawa, ba ƙara. Baba ya ɗaga hannun hagu ya bubbuga ƙofar sau biyu, yadda yake yi mata da can in ta yi abin kirki. A bakin gona na karyo masa masara ɗaya na ɓare, ya riƙe ta a ƙirji har muka dawo gida.

Bai ga ta baɗi ba.

Jif ɗin tana hannuna yanzu, tana tashi in ta ga dama. Zaren yana cikin aljihun gaban motar, a naɗe a jikin tsinken ashana. Wani lokaci in na tsaya a ƙofar gida nakan warware shi, in ware yatsuna iya ƙarfina har su yi zafi, in ƙara uku. Har yau ba na kaiwa ga ƙullin. Ina kewarsa, wallahi ina kewarsa.