Tattabarar da ta tsira

Mai Tattabaru kafinta ne, amma ba wanda ke kiransa da sana'arsa. Shekara talatin yana kiwon tattabaru a saman shagonsa, har matarsa kan ce da yana da fiffike da tuni ya tare can.

Wata shekara cuta ta shiga ɗakin tattabarun, ta share tsuntsaye sittin. Guda ɗaya ce ta rayu, wata fara mai ɗigon baƙi a wuya. Ya sa mata suna Tsira, ya ɗauki son duniya ya ɗora mata. Duk ƙwan da yake ji da shi, sai ya ɗauke daga uwarsa ya sa a ƙarƙashinta, wai 'ya'yan su sha ƙarfinta.

Nata 'ya'yan suna rayuwa. Na riƙo kuwa, kwana goma sai ido ya kumbura, baki ya yi fari, a wayi gari sun sandare. Ya zargi ruwa, ya zargi hatsi, ya zargi idon maƙwabci. Shekara huɗu yana binne su a bayan shago.

Ranar da ya kai gawa biyu wurin likitar dabbobi, ta yi masa tambayoyi, ta ce ya kawo Tsira a gwada.

"Baba, ita ce," in ji ta bayan sati.

"Haba 'yata! Ko atishawa ba ta yi."

"Cutar ba ta bar ta ba, lafewa ta yi a jikinta, inda garkuwar jiki ba ta ganinta. Wahalar kwanci ce ke tashe ta, sai ta bi abincin da take ɗura wa 'ya'yan. Nata sun samu kariya tun a ƙwai. Na riƙon ba su da ita."

Ya dubi tafin hannunsa, wanda ya ɗauki kowane ƙwai ya kai mata, sai tsoron kansa ya kama shi.

Ya kasa yanka ta. Ya ƙera mata keji a ƙuryar shago, ya sassaƙa ƙwan katako ya ba ta. Har yau tana kwanci a kai, tana juya shi da baki. Wani lokaci yana tsaka da fere katako sai ya ji kamar kukan 'yan shila daga kejin. Ya san babu kowa, amma sai ya ajiye aiki ya leƙa.