A Wanke Ta Ciki da Waje

Tun yana yaron mota ake kiransa Birki. Da ya zama direban babbar mota kuwa sai sunan ya zauna daram, domin mutum ne da ke taka birki tun akuya tana shawarar tsallaka titi. Abokan aikinsa sukan ce in ka ɗora masa ɗanyen tumatir, ka shirya karɓar busasshe. Shi ko a jikinsa. Ya yi tuƙinsa har gwiwa ta ce ta gaji, ya miƙa makulli bai taɓa buge ko kaza ba.

Zaman gida ne ya so ya gagare shi, don bai daɗe da ajiye aiki ba uwar 'ya'yansa ta rasu. Sai autarsa, wadda ke aure a bayan layinsu, ta kawo masa tsohuwar kwamfutarta ta ɗora kan tebur kusa da taga, ta zuba masa hotunan gida. A ciki har da wani ɗan bidiyo da ta taɓa ɗaukar mahaifiyarta a tsakar gida ba da saninta ba. Wayar da aka ɗauka da ita ta daɗe da nitsewa a bokitin wanki, saboda haka bidiyon babu shi ko'ina a duniya sai nan. Kullum da safe Baba Birki zai haɗa shayinsa, ya kunna, ya kalla, sannan ya fita ƙofar gida tsokanar masu wucewa.

Kwamfutar kuwa mota ya ɗauke ta. In ya kunna, sai ya bar ta ta ɗan yi zafi kafin ya taɓa komai. In ya gama, ya goge ta da tsumma, ya lulluɓe ta da tawul.

Ana nan sai maƙwabcinsa tela ya zo da filash, ɗan abin ajiyar bidiyo da ake jonawa jikin kwamfuta, wai su kalli tsofaffin wasannin ƙwallo. Suka kalla, suka yi musu, suka rabu. Washegari kwamfuta ta tashi da ciwo: ka danna nan ta buɗe can, tana gurnani, tana jan ƙafa. Wurin hotuna kuma wayam.

Ya kira Auta a waya. "Zo ki ga motar nan, tana shan mai ba ta tafiya."

Ta biyo a hanyarta ta zuwa aiki, ta duba. "Baba, bairos ne. Cutar kwamfuta."

"Cuta? Ni da ko ƙura ban bari ta hau ta ba?"

"Ku kai wa Injiniya na bakin kasuwa. Ni na makara, zan kira ku."

Shagon Injiniya ɗan tsukuku ne, ga warin dalma, ga matattun kwamfutoci jibge har rufi, ga fanka mara murfi tana kaɗa kai. Injiniya ya kunna, ya daddanna, ya yi tsaki.

"Baba, ta sha bairos har wuya. Sai dai a wanke ta."

Fuskar Baba Birki ta washe. Yau ga yaren da ya iya. "Yauwa, ɗan albarka! Na san dai datti ne ya toshe wani wuri. Wanke ta ciki da waje, har ƙarƙashi."

"Duka, Baba?"

"Duka. Ni ba na son rabin wanki."

Ya koma gida ransa fes. Da rana yana zaune a inuwa Auta ta kira. "Me ya ce?"

"Ƙaramin abu ne. Wanki kawai."

"Wanki? Baba, kun ce ya fara kwashe abin da ke ciki?"

"A kwashe me? Ai ba da ruwa zai yi ba, ko?"

"Innalillahi! Baba, a wajensu wankewa gogewa ce. Komai zai tafi. Hotuna, bidiyon Umma..."

Bai ji ƙarshen maganar ba. Mutanen layin har yau suna ba da labari, don ran nan ne kaɗai aka ga Birki ba birki. Tela ya leƙo daga shago da almakashi a hannu. "Lafiya? Gobara ce?"

"Kai ne gobarar! Zan dawo kanka!"

Ya faɗa shagon Injiniya yana haki. "Tsaya! Kashe ta!"

"Ai an gama, Baba. Ga ta nan tas, kamar sabuwa."

Baba Birki ya dubi allon. Tas ɗin kuwa. Ya lalubi wani kwali ya zauna, ya rasa inda zai sa hannunsa. Can ya ce, "Matata na ciki."

Injiniya ya dube shi, sai ya jawo wani ɗan baƙin akwati mai waya daga aljihun tebur. "Haba Baba. In kun ba mai wanki riga, ba ya lalube aljihu tukuna? Kowa cewa yake a goge duka, jibi ya dawo yana min kuka. Bairos ɗin ɓoye kayan ya yi. Na kwashe su nan, na tace su. Wasu hotunan dai sun lalace, ban san ko..."

"Bidiyo. Mace a tsakar gida, da tsintsiya."

Injiniya ya jona akwatin, ya nema, ya danna. Ashe lasifikar shagon a ƙure take. Muryar marigayiya ta cika wurin har waje:

"Ke Auta, ki gaya wa ubanki, in ya gama zagaye gidan nan kamar mai neman wurin fakin, ya zo ya ɗauke mini tsohuwar tayar nan! Gida ne nan ko gareji?"

Mai sayar da caja na maƙwabta ya leƙo. Wata da ta kawo gyaran waya ta toshe baki da mayafi. Injiniya ya yi ta maza, ya kasa, ya tuntsire da dariya.

"Baba, dama faɗan nan kuka yi wa wannan gudu?"

Baba Birki ya cire hula ya share ido, ya gyara zama a kan kwalin.

"Yi shiru mana, kana sa ni asara. Yanzu za ta gangaro kan dangina, nan ne ya fi daɗi."