Furfurar Akawal

A Nahuce in ka nemi gidan Labbo mai injin niƙa, sai an ɗan yi tunani kafin a nuna maka. Amma ka ce Labbo na Akawal, ko amaryar da aka kawo jiya ta san ƙofar. Akawal baƙin doki ne, kuma da shi aka san ubangidansa.

Labbo ba ɗan sarauta ba ne, ba kuma yaron wani attajiri da ake biya ya hau masa doki ba. Manomi ne mai inji ɗaya wanda Allah ya jarabta da son sukuwa. Ya sayi Akawal yana duƙushi a hannun Manu, wani Bafulatani na wajen Rawayya, a shekarar da matarsa Hanatu ta haifi Bara'atu. Yanzu Bara'atu tana ɗakin mijinta a Gusau da goyo a baya, to sai ka ƙiyasta shekarun dokin da kanka. Labbo dai ba ya ƙiyastawa.

Tun farko tarairaya ce ta yi yawa. Kafin ya tada inji da safe sai ya zuba wa Akawal dusa da jiƙaƙƙiyar kanwa, ya share turke, ya duba kofato ɗaya bayan ɗaya. Da la'asar ko mata sun jera kwanonin niƙa har bakin titi, sai ya kashe inji ya ɗaura sirdi ya fita kilisa, su yi ta mita. Shi kuma dokin yana da wata ɗabi'a da ya taso da ita: duk lokacin da Labbo ya sauka daga bayansa, sai ya juyo ya goga fuskarsa a ƙirjin ubangidansa, kamar mai cewa sannu da aiki. Rigunan Labbo duk ta ƙirji suke fara mutuwa, Hanatu ta gaji da faɗa ta koma ɗinki.

Kowace kaka, in amfanin gona ya shiga rumbu, sai su bi filayen sukuwa: Bungudu a ƙafa, Gusau da Tsafe a bayan a-kori-kura. Gaskiya ita ce ba gwanaye ba ne. Na uku, na huɗu, wata rana na biyu. Sau ɗaya tak suka zo na ɗaya, a Tsafe, aka ba su agogon bango. Agogon ya daɗe da tsayawa, amma ba wanda ya isa ya sauke shi daga zaure. Da hanyoyi suka lalace, mutane suka daina nisa da dabbobinsu, aka bar zuwa sukuwar Gusau da Tsafe, abokan hawansa da yawa suka sayar da dawakinsu. Saura Bungudu kaɗai.

Sai tsufa ya zo, shi da ba ya sallama. Furfura ta fito wa Akawal a baki, ta haura saman idanu. Samarin mahaya suka sa masa suna Kaka. In ya shigo fili sai su ce a ba tsoho hanya, kada a ture shi. Labbo ya yi dariya tare da su, amma abin yana cinsa a rai.

Tambaya dillalin dawaki shi ya hango ƙofa. Wata rana ya zo majalisar bakin inji da wani ɗan jan doki mai tsalle-tsalle, ya ce a yi musaya: Labbo ya ba da Akawal da ɗan cikon hatsi, ya karɓi saurayin doki. Kowa a wurin ya san inda tsofaffin dawaki ke zuwa in sun shiga hannun Tambaya. Babbar mota ce ke kwasarsu zuwa kudu, kuma ba don hawa ba.

"Malam Labbo," in ji Tambaya, "dokin ga ya gama. Ko jakin Ɗanlami na iya tsere mai."

Majalisa ta kwashe da dariya. Nan fa zuciya ta ɗebi Labbo, mutumin da ko da mai bashi ba ya ɗaga murya. Ya miƙe, garin niƙa na zuba daga rigarsa.

"Wallahi tallahi, in Akawal bai shiga ukun hwarko ba ranar Bungudu, ka zo da igiyarka ka tai da shi!"

Magana zarar bunu. Kafin ya isa gida labari ya riga shi. Hanatu ta yi masa wani irin kallo, ya ji da ma zaginsa ta yi.

Akwai wani sirri da duk Nahuce ta sani amma ake yi wa Labbo kara: gemunsa ba baƙi ba ne, rini ne. Irin na 'yar leda yake sayowa a kasuwar Gusau, ya shafa a ɓoye ranar Juma'a. To da safiyar ranar sukuwa Hanatu ta fito da tsintsiya ta same shi tsaye a turke da tsohon buroshin haƙori, yana shafa wa doki rinin a baki da saman idanu, a hankali, yana lallashinsa.

"Malam, mi kaka yi haka?"

"Kar su rena shi tun ba a tashi ba. Doki na jin ba'a, ke dai ba ki sani ba."

Ta buɗe baki za ta yi dariya, sai ta ga da gaske yake, ta fasa. Ta ɗauko masa farar rigarsa ta Juma'a.

A filin Bungudu Akawal ya shiga baƙi wuluk, kai a sama. Samari suka yi ta kallon juna, wani ya ce Kaka ya koma yaro. Aka jera, aka daga tuta, aka tashi.

Zagayen farko Labbo ya ji kamar shekarun sun koma baya. Akawal ya san filin fiye da masu filin, ya san inda yashi ke da zurfi, ya kama layin ciki ya riƙe na uku. Labbo yana kwance a wuyansa yana kiran sunansa. A zagaye na biyu numfashin ya sauya. Shi kaɗai ya ji, ta cinyoyinsa, wani irin gurnani daga can cikin haƙarƙari. Doki ɗaya ya wuce su, wani ya bi. Akwai bulala a hannunsa, kuma ya san in ya sauke ta Akawal zai ba da abin da ya rage masa duka, ko da shi ne na ƙarshe. Ya ɗaga hannun. Hannun ya ƙi sauka. Suka shigo a bayan kowa, jama'a har sun fara juyawa wajen wanda ya ci.

Ya sauka. Akawal, jiƙe sharkaf da gumi, yana haki, ya juyo kamar kullum ya goga fuskarsa a ƙirjin ubangidansa. Ya goga, ya sake gogawa. Da ya ɗago kai, rinin duk ya koma kan farar riga, fuskarsa kuwa ta fito fara fat a gaban kowa.

Dariya ta tashi har da masu riƙe ciki. Labbo bai ji ta ba. Fuskar yake kallo, ramin da ya zurma a saman idanu, leɓen da ya saki. Shekaru yana wanke fuskar nan kullum, amma sai yau ya yarda ya gan ta. Tausayi ya kama shi, da kunyar abin da ya sa tsohon abokinsa ya yi don kawai a daina yi musu dariya.

Tambaya ya iso da igiya a kafaɗa.

"To, Malam Labbo. Kai ka rantse, ba ni ba."

"Ni na rantse," in ji Labbo. "Kuma na karya. A hwaɗi ko'ina Labbo ba shi da magana guda, na yarda. Kaffara za ni yi. Tsohon doki sai mai shi."

Bai sake hawa ba. Ya sassauta majayi, ya ja ragama, suka taka a ƙafa har Nahuce, yana tsayawa duk inda dokin ya tsaya. A hanya yana ta tunanin yadda zai gaya wa Hanatu cewa za a taɓa rumbu a ciyar da mabuƙata goma, saboda bakinsa da bai iya riƙewa ba.

Tun daga zaure ya ji ƙamshin miyar kuka. A tsakar gida babbar tukunyar biki ce a kan murhu, Hanatu na tuƙa tuwo da hannu biyu, kwanoni goma a jere a gindin bango. Ta dubi rigar, ta dubi fuskar dokin, ta ci gaba da tuƙi.

"Wa yaz zo ya hwaɗa miki?" in ji Labbo.

"Ba kowa. Tun ranar da kar rantse nic cire dawar." Ta share gumi da gefen zane. "Ɗaure shi ka ba shi ruwa, Malam. In ka gama kuma ka wanke gemun ga naka, kar ka bar dokin shi kaɗai da hurhura."