Gwaggo da Kuɗin Gidan Kaka

Gwaggo ƙanwar babana ce, tela, kuma a layinsu ba wanda bai taɓa shan zafin bakinta ba. Shekara talatin da ɗaya ta yi a gidan kakanmu da ke bayan gari, a ɗakin da ke kallon titi, wanda ta fasa wa ƙofa ta mayar shago. Ita ta yi jinyar Kaka har ya rasu, Baba da Baffa kuwa tuni suka koma cikin gari da iyalansu.

Lokacin da aka tare a gidan, unguwar ciyawa ce da kangaye. Gwaggo ce ta riƙa ɗaukar kujerar roba tana zama a ƙofar ofishin ruwa, tana ɗinkin hannu tana caccakar duk wanda ya fito, har suka gaji suka jawo famfo. Haka ta yi wa masu hanya. Haka ta yi har aka buɗe ƙaramin asibiti. Ta ce ba don kowa take yi ba, ita dai ba a raina mata hankali. Maƙwabta suna shan ruwan suna kiranta Barkono.

Bana magada suka ce a sayar da gidan a raba. Gwaggo ta ce ita za ta saya, a cire rabonta ta biya sauran. Wani dillali ya taɓa yi wa gidan kuɗi shekarun baya, a kan wannan ta yi ta tara kuɗi. Baffa ya ce ina amfanin dillali alhali ga mai digiri a gida. Ni ke nan, wata huɗu da gama karatun kimanta gidaje, ba aiki.

Na zo da tef ɗin awo da littafi. Ta bi ni ɗaki-ɗaki tana nuna min tsagar bango, da silin da ya rufta, da kwatar da ke toshewa. Ban gane roƙona take ba, don Gwaggo da faɗa take roƙo. Na fita waje na yi yadda aka koya mana. Asibiti, tafiyar minti shida. Kwalta har ƙofar gida. Ruwa kullum, ga tashar mota, ga makaranta. Har ita na tambaya shekarar da aka kawo kowanne, ta faɗa min tana hura hanci. Kowane layi na rubuta, kuɗin gidan sai ya hau. Jimlar ta kusa ninka abin da ta tara sau uku.

A falo na karanta wa magada takardar lissafin. Baffa ya ce boko ya yi rana. Gwaggo ta fizge takardar, ta daɗe tana kallonta.

"Kai ɗan nan, wa ya kawo ruwan nan?"

"Ke ce, Gwaggo."

"To zaman da na yi a rana za ka sayar min? Kai da na wanke wa kashi?"

Baffa ya ce takarda ba ta ƙarya. Ta ce shi da ko ƙusa bai taɓa bugawa a gidan ba ya rufe mata baki. Baba ya sunkuyar da kai.

Washegari na same ta na ce zan sake lissafi in rage. Ta ce wato bayan wauta zan ƙara da ƙarya. Ashe ma Baffa ya riga ya tura wa masu saye hoton takardar ta waya. Sati uku tana tare duk wanda ya zo gani tana zayyana masa aibun gidan, har da ɓerayen da babu su. Wani mai kantin magani ya saya a haka, bai nemi ragi ba.

Yanzu haya take a bayan wani shagon katako. Ni kuwa tun ranar ban iya buɗe littafin nan ba. Shekaranjiya na daure na je gaishe ta. Matar mai gidan ta leƙa ta sanar da ita, daga tsakar gida nake jin muryarta.

"Ki ce masa ba na nan. Kuma ki kula, kar ki bari ya auna miki gida."

Matar ta fito tana neman abin da za ta ce. Na ce mata na ji.